Gyaran dokar takobi a wasan D&D ba tare da an kashe gatari da mashi ba

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa a Jidda, wanda yake jan wasan Dungeons & Dragons bugu na biyar, wasan tebur na labari da jefa ɗan lido, ga abokansa biyar duk daren Alhamis bayan isha'i. Labarin nasu na ayari ne mai ratsa hamada, an ɗora shi a kan tsohuwar hanyar mahajjata daga ƙasar Hausa zuwa Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan a bakin Bahar Maliya. Ya ce kowa da takobi ya fara, amma kafin a kai mataki na biyar mayaƙan biyu sun rataye nasu, ɗaya ya koma mashi da garkuwa, ɗaya ya ɗauki guduma. Yana tunanin ɗaga saran dogon takobi daga d8 zuwa d10, wato daga ɗan lido mai fuska takwas zuwa mai fuska goma, wanda ake jefawa a san yawan rauni. Ya yi ko kada ya yi, kuma in ba haka ba, wace doka zai sa?

Malam, kada ka ɗaga. Mutanenka ba su yi kuskure ba da suka ajiye takobin, lissafi suka duba, kuma ƙarin da kake shirin yi ba zai taɓa inda ciwon yake ba.

Buɗe jadawalin makamai na littafin 'yan wasa na 2014 ka gani. Dogon takobi d8 ne da hannu ɗaya, d10 da hannu biyu, kuɗinsa zinare 15. Gatarin yaƙi d8 da d10 ne shi ma, sara yake yi kamar takobi, kuɗinsa zinare 10. Gudumar yaƙi d8 da d10, zinare 15, ga shi kuma ƙwarangwal masu tafiya rauninsu ninki biyu ne idan aka doke su da abin duka. Wato makami ɗaya ne aka ba sunaye uku, takobin kuma shi ne mai tsada ko mai ƙarancin amfani a cikinsu. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar tana wajen baiwar nan da littafin ya kira Polearm Master, wadda take ba mai dogon makami ƙarin bugu da gindin makamin, d4, a kowane juyi, wato duk sanda layi ya zo kansa a cikin zagayen faɗa, ta kuma ba shi damar kai hari ga duk wanda ya shigo inda makaminsa yake kaiwa. Sanda tana cikinta tun farko, daga baya aka ƙara mashi. Ɗauki mayaƙi a mataki na biyar, makin ƙarfinsa +4, yana da salon faɗa da hannu ɗaya mai ƙara 2. Da takobi da garkuwa, bugu biyu ne, kowanne 10.5 a matsakaici, jimilla 21 in duk sun samu. Da mashi da garkuwa da waccan baiwa, 9.5 sau biyu da 8.5 na gindi, jimilla 27.5. Za ka ce ai mai mashin ya sayi baiwar ne da ƙarin ƙarfin da zai samu a mataki na huɗu. Gaskiya ne. Mayar da shi +3, ka rage masa damar samu daga kashi 65 cikin ɗari zuwa 60, zai fito da 14.7 a zagaye, mai takobi 13.65. Har yanzu yana gaba. Sandar da ake saya azurfa 2 ta fi takobin zinare 15.

To in ka mayar da takobi d10 me ya faru? Ƙarin maki 1 ne a kowane bugu, 21 ta zama 23. Mashi yana nan a 27.5 bai san ana yi ba. Gatari da guduma kuwa sun mutu murus, babu mai sake waiwayarsu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne me takobi yake yi wanda sauran ba sa yi. A fagen fama na gaske, daga Borno har Sinnar ta Sudan, mashi da baka ne suke buɗe yaƙi, takobi makamin gefe ne da ake zarewa idan an haɗe ko mashi ya tafi. Amma shi ne wanda yake jikin mutum kullum, rataye a hamila, a kasuwa da fada da kan raƙumi. Yana fita daga kube cikin ƙiftawar ido. Nauyinsa yana kusa da hannu, don haka yana juyawa da sauri ya tare sara, ga kuma gicciyen ƙarfen da ke kare yatsu. Yana sara, yana suka. Duk wanda ya taɓa riƙe kaskarar Sudan, miƙaƙƙiya mai kaifi biyu irin wadda maƙeran Kasala suke yi, ya san ba nauyi ne ƙarfinta ba. Takubban hannu ɗaya galibi ba su wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Saboda haka dokokin gidanka su tafi wajen kariya da sauri da zaɓi. Yawan rauni a bar wa gatari, nisa a bar wa mashi.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce tare sara, kuma a nan ne jagorori da yawa suke ɓata wasansu da hannunsu. Siffarta mai kyau ita ce: wanda yake riƙe da takobin da ya ƙware a kansa, idan wani da yake gani ya kawo masa hari gaba da gaba, yana iya kashe martaninsa na wannan zagayen, wato motsi ɗaya da kowa yake da shi ko da ba juyinsa ba ne, ya ƙara makin ƙwarewarsa a kan makin kariyarsa, lambar da hari sai ya kai kafin ya samu, ga wannan hari ɗaya tak. Makin ƙwarewa +2 ne a matakai huɗu na farko, +3 daga na biyar, yana hawa har +6. Sharaɗin da komai ya rataya a kansa shi ne ya faɗa kafin a jefa d20 na harin, ba bayan an ga abin da ya fito ba.

Ga dalili. A ce tarewar +2 ce. Lambobi biyu ne cikin ashirin za ta juya daga samu zuwa kuskure, wato kashi 10 cikin ɗari. Idan ɗan wasa ya faɗa tun kafin jifa, yana kore 0.1 na hari a zagaye, shi ke nan. Idan kuwa ka bar shi ya jira ya ga jifan, ba zai taɓa kashe martaninsa a banza ba, zai zauna ne har wani hari ya faɗo cikin lambobin nan biyu. A zagayen da aka kawo masa hari uku, damar a samu aƙalla ɗaya a ciki kashi 27 ce cikin ɗari. Garkuwa ta gaske, wadda take cinye hannu guda, 0.3 take korewa a hari uku. Ka ga ke nan ka ba shi garkuwa ta biyu kyauta ba ka sani ba. Mai sulken faranti da garkuwa da salon kariya yana 21 tun kafin dokarka. Ƙara masa wannan, 'yan fashin hamada masu +3 za su yini suna dukan iska, kai kuma ka fara ƙirƙiro dodanni masu +9 waɗanda za su kashe boka da ɓarawon ƙungiyar, jaruman 'yan wasa marasa sulke mai nauyi, a bugu biyu. Bayan haka akwai baiwar da littafin ya tanada ga masu siririn takobi, wadda take ba da wannan tarewa bayan an ga jifa, mutum kuma sai ya sadaukar da ƙarin ƙarfinsa kafin ya same ta. Bai kamata dokar gida ta raba kyauta abin da wani ya biya ba.

Faɗa kafin jifa yana da wani daɗin kuma: ya zama shawara. Ɗan wasa yana kallon maharan uku, yana auna wanne ne saransa zai fi ciwo, yana kuma tuna cewa in ya tare ya rasa damar saran wanda zai gudu ya bar shi. Iyakokinta kaɗan ne amma a rubuta su. Ba a tare kibiya ko jifa ko tsafi. Ba a tare harin halittar da ta fi ka da matakin girma biyu, domin ba a tare kulkin ƙato da ƙarfen kilo ɗaya. Wanda aka shammata ko aka kayar ƙasa ba ya tarewa.

Daga tarewa sai ramuwa. Idan harin da aka tare ya kuskure da maki 5 ko fiye, mai takobi yana samun fifiko, wato jefa d20 biyu a ɗauki babba, a harinsa na farko kan wannan maharin a juyinsa mai zuwa. Fifiko yana ɗaga kashi 65 zuwa kusan 88, ba ƙaramin abu ba ne, amma sau ɗaya ne kuma sai sharaɗi ya cika. Jarabar da za ta zo maka ita ce ka mayar da ramuwar hari na nan take, ka ce ya tare ya mayar. Kada ka yarda. Saran shammata na ɓarawo sau ɗaya ne a kowane juyi, ba a kowane zagaye ba, don haka duk harin da ka ba shi a juyin abokin gaba ka ninka masa 3d6 ɗinsa, wato d6 guda uku, na mataki na biyar. Sannan mayaƙi mai dabarun yaƙi yana da ramuwar nan take a cikin dabarunsa, yana biyanta da ɗiyan lidonsa masu iyaka. Ita ma kada a raba ta a titi.

Maganar mugun sara kuwa, wato saran da yake ninka rauni idan d20 ta fito 20, tsofaffin bugu sun riga sun warware ta, sai dai a aro. A bugun farko na 1974 kowane makami d6 yake yi, sai a ƙarin littafin 1975 aka fara bambanta su. A bugu na uku, na shekarar 2000, dogon takobi yana mugun sara a 19 da 20 yana ninka biyu, gatari a 20 kaɗai amma yana ninka uku. Lissafinsu daidai yake, ɗanɗanonsu daban. Mayar da shi teburinka haka: takobi idan ya fito 19 kuma ya samu, a ƙara jefa ɗan lidon makamin sau ɗaya, gatari idan ya fito 20 a jefa nasa sau uku maimakon biyu. Takobi, a 19 da 20, kashi 10 sau 4.5, gatari kashi 5 sau 9, kowanne 0.45 a hari. Mai takobi yana jin daɗi akai-akai, mai gatari yana jira ya yi ɓarna guda wadda za a daɗe ana labarinta.

Amma 19 ɗin nan ba mugun sara cikakke ba ne, kuma sai ka bayyana wannan tun ranar farko. Ba ya samu kai tsaye kamar 20, dole ya kai makin kariya. Kuma ɗan lidon makami kaɗai yake ƙarawa, ban da na shammata, ban da na barden da yake zuba ikonsa mai tsarki a sara. In ka bari ya ninka komai, ɓarawo mai siririn takobi a mataki na biyar yana samun ƙarin 15 duk sanda 19 ta fito, da fifiko kuma damar mugun sara tana tashi daga kashi 9.75 zuwa 19. Barde kuwa bayan ya ga jifan yake zaɓar ya zuba ikonsa, zai dinga ajiyewa yana jiran 19 da 20 ya narkar maka da shugaban maƙiya a juyi guda. Shi kuma mayaƙi zakara, wanda littafi ya riga ya ba 19 tun mataki na uku, a bar masa 19 ɗinsa cikakke, ƙaramin ƙarin ya sauko masa zuwa 18, don kada zaɓinsa ya zama banza.

Guduma ba sai an yi mata yawa ba. A 20 ta tura wanda aka doka ƙafa 5 baya, ko ta kayar da shi in bai fi mai dukan girma ba. Ya isa.

Sai zaɓin sara ko suka. Bari mai miƙaƙƙen takobi ya faɗi kafin hari ko sara zai yi ko suka, raunin bai canja ba, nau'insa ne ya canja. Ka yarda masa kuma ya yi duka da gindin mariƙi, d4, a matsayin abin duka. Mafi yawan dare wannan ba zai canja komai ba, domin dodannin da suke bambanta sara da suka a bugu na biyar kaɗan ne. Amma ranar da suka haɗu da baƙin narkakken dodon nan da sara ba ya yi masa komai sai ma raba shi biyu, ko bishiya mai rai da take jure suka da duka, mai takobi ne kaɗai ba sai ya canja makami ba. Kyauta ce mai arha wadda take sa ɗan wasa ya ji makaminsa yana da wayo.

Wadda ta fi ta nauyi ita ce riƙon rabi, ga mai dogon takobi wanda ɗaya hannunsa babu garkuwa. Mayaƙan Jamus na ƙarni na 15 sun zana ta a littattafan koyon faɗa: idan abokin gaba yana cikin sulken ƙarfe, sara ba ya ratsa shi, sai a kama tsakiyar ruwan takobin da hannun hagu a mayar da shi kamar gajeren mashi, a nemi hammata da maƙogwaro da mahaɗar gwiwa. A tebur: a kan wanda yake sanye da sulken ƙarfe, +2 wajen samu, rauni d8 na suka maimakon d10. Mayaƙi mai +7 a kan kariya 18 yana samu kashi 50, 9.5 sau rabi 4.75 ke nan. Da riƙon rabi kashi 60 sau 8.5, wato 5.1. Ƙari ne ɗan kaɗan, daidai yadda ake so. Sharaɗin sulken ƙarfe wajibi ne, domin in ka cire shi lissafin yana fifita riƙon rabi kusan a kan kowa, sai ya zama babu sauran zaɓi. Lifidi ba ya ciki, auduga ce aka ɗinke, fatar dodo ma ba ta ciki.

Wannan ya kawo mu ga wani abin da tambayarka ba ta ambata ba amma dole a faɗa: ba kowane takobi ne yake bukatar taimako ba. Ƙaton takobi mai hannu biyu 2d6 ne, matsakaicinsa 7, ya riga ya fi ƙaton gatari mai d12 da 6.5, kuma da salon sake jefa 1 da 2 yana kai 8.33 yayin da gatarin yake 7.33. Wannan a ba shi tarewa kawai, ban da 19, ban da ramuwa. Siririn takobin suka d8 ne da zafin nama, shi ne sarkin makaman hannu ɗaya ga duk wanda ba ƙarfi ya tara ba. A ba shi tarewa da ramuwa, a hana shi 19. Gajeren takobi da lanƙwasasshe, irin saif ɗin da ake rawar arda da shi a nan Saudiyya, su samu tarewa da 19. Dogon takobi ne maraya, shi za a ba duka, har da ƙarin 1 a tarewa idan an riƙe shi da hannu biyu, domin a yanzu babu dalilin da zai sa mutum ya riƙe d10 da hannu biyu alhali 2d6 tana rataye a shago ɗaya. In ka zuba wa dukansu doka iri ɗaya, waɗanda suka ƙoshi ne za su ƙara ƙiba.

Rabin gyaran kuma ba a jadawali yake ba, a hannunka yake a matsayinka na jagora. Zare takobi daga kube kada ya ci komai, ko damar taɓa kaya guda da kowa yake da ita a juyi. Mashi da dogon makami kuwa ba su da kube: ko suna hannu, ko suna ɗaure a kan raƙumi, kwance su kuma aikin juyi guda ne. A wuri mai ƙunci, inda faɗi bai wuce ƙafa 5 ba ko rufi ya yi ƙasa, ko kuma idan an rungume mutum ana kokawa, makami mai nisa da mai nauyi suna kai hari da tawaya, a jefa biyu a ɗauki ƙarami. Ku da kuke Jidda ba sai an kwatanta muku ba, ku tuna lungunan Balad, tsohon cikin gari, ku ce wa zai juya sandar ƙafa takwas a ciki. A ƙofar gari ma dogarai su karɓi masu da bakuna, su bar wa mutum mai daraja takobinsa, domin ado ne da shaidar matsayi kafin ya zama makami. Labarin ayari ya dace da wannan sosai: zango, rijiya, tantin sarkin ƙabila, cikin jirgin ruwa a Bahar Maliya.

Sai dai a yi da ma'auni. Faɗa ɗaya cikin huɗu ya isa ya zama a irin wannan wuri, kuma a cikin sauran a samu fili fetal inda mai mashi zai tsayar da doki tun kafin ya iso. In kowane dare lungu ne, abokinka mai mashi zai gane hukunta shi kake yi don ya iya lissafi, kuma da gaskiyarsa.

Akwai dokar da kusan kowane jagora yake ƙirƙirowa da kansa, wai idan 1 ta fito takobi ya dakushe ko ya suɓuce. A guje ta. Mayaƙi a mataki na farko hari ɗaya yake kaiwa, damar 1 kashi 5 ce a zagaye. A mataki na 11 hari uku, kashi 14. A mataki na 20 hari huɗu, kashi 18.5. Wato gwargwadon ƙwarewarsa gwargwadon yawan faɗuwar makaminsa, boka kuma da yake sa wasu su yi jifan tsira ba ya taɓa shan wannan kunya. In kana son lalacewar makami ta shigo wasa, mayar da ita zaɓin ɗan wasa. Idan harin da ya tare ya fito 20, yana iya cewa takobin ya sha, sai mugun saran ya koma sara na yau da kullum, ruwan takobin kuma ya yi giɓi ɗaya. Kowane giɓi yana rage 1 daga rauni. Na uku yana karya shi. Dutsen wasa wuƙa a gajeren hutu yana cire giɓi ɗaya kacal tsakanin dogon hutu da dogon hutu, sauran sai maƙeri, kwana ɗaya da sulusin kuɗin takobin a kan kowanne. Nan take maƙerin zango ya zama mutum mai muhimmanci a labari, ɗan wasa kuma ya fara tuna inda kowane giɓi ya samo asali. Takobin tsafi ba ya karyewa, a giɓi na uku dai ya daina tarewa har a gyara.

Daga nan za ka iya raba ingancin ƙarfe gida uku ba tare da ka taɓa +1 na tsafi ba. Na kasuwa, rabin kuɗi, yana karyewa a giɓi na biyu. Na yau da kullum, uku. Na gado, wanda ba a samunsa da ƙasa da ninki biyar na kuɗi in ma an yarda a sayar, yana ɗaukar huɗu kuma giɓin farko ba ya rage masa rauni. Wannan yana da tushe: da yawa daga cikin tsofaffin kaskara da takubban Abzinawa ruwansu daga Solingen ta Jamus aka kawo, maƙeran gida suka yi musu mariƙi da kube, har wasu suna kwaikwayon tambarin don a ɗauka na waje ne. Ga abin wasa a shirye, ɗan kasuwa ya sayar wa jaruminku na jabu mai tambari, ba za a gane ba sai giɓi na biyu.

In littafin 2024 kuke amfani da shi, rage hannu. Can an riga an ba kowane makami ƙwarewa ta musamman. Dogon takobi idan ya samu yana sa harin maƙiyi na gaba ya zo da tawaya, siriri da gajere suna ba ka fifiko a harinka na gaba, ƙato yana yin raunin makin ƙarfi ko da ya kuskure. Tawaya da tarewa a kan hari ɗaya sun yi yawa, don haka kada a tare harin da ya riga ya tawaya. Ramuwa kuma a cire ta ga siriri, maimaici ce. Giɓi da riƙon rabi da dokar lungu suna aiki yadda suke.

Wajen shigar da su, kada ka sauke duka a dare ɗaya. Fara da tarewa da 19 da na gatari, ka sanar kafin a zauna cewa gwaji ne na zama uku, kuma duk wanda yake son canja makami ko baiwa saboda sabuwar doka ya canja kyauta. Rubuta dokar a ɗan kati, layi huɗu, a ajiye gaban kowane mai takobi. Maƙiya ma su samu, amma manyansu kawai. Jarumin doki da shugaban 'yan fashi na littafin dodanni dama suna da tarewar +2, sai ka bar musu tasu kada ka ɗora wata. In ka ba kowane ɗan fashi cikin goma martani, kai ne za ka rikice. Ka sa wani ya riƙa yin ɗan tsinke a takarda: sau nawa aka tare, sau nawa tarewar ta juya sakamako, zagaye nawa faɗan ya ɗauka. Faɗa a bugu na biyar an gina shi ne a kan kimanin zagaye uku. In ya fara kai biyar da shida a kai a kai, kariya ta yi yawa, sai ka tsayar da tarewar a +2 kada ta bi makin ƙwarewa. In zama uku suka wuce ba wanda ya tuna ya tare, matsalar saurinka ce: kana jefa d20 kafin su buɗe baki. Riƙe ɗan lidon a hannu, ka faɗi wanda ake kai wa harin, ka ƙirga biyu a zuci, sannan ka sake shi.